Gwiwar ƙarfe marar siminti ba a sake take ba

A Zangon Kumasi an daɗe ana cewa duk wanda aka dasa wa gwiwar ƙarfe ba tare da siminti ba, aikin nasa bai cika ba, kuma ko ba daɗe ko ba jima ƙarfen zai girgiɗe. Wannan kuskure ne. Abin da likitocin ƙashi suke kira siminti wani nau'in roba ne da ke daskarewa cikin mintuna, kuma rashinsa ba ya nufin an bar ƙarfen sakaka.

A aikin da ba a sa siminti, likita yana yanka ƙashin daidai da girman ƙarfen, ya matsa shi ya zauna daram. Bayan ƙarfen, wanda galibi na titaniyam ne, cike yake da ƙananan ramuka kamar soso, kuma a cikin makonni 6 zuwa 12 ƙashin mutum ke tsirowa cikinsu ya kama shi.

Hoton ƙashi ne ya fi tayar wa mutane hankali, domin wani lokaci akan ga siririn baƙin layi a ƙarƙashin ƙarfen. Idan faɗinsa bai kai milimita 2 ba, kuma bai ƙaru ba daga hoto zuwa hoto, yawanci ba alamar kwancewa ba ce. Abin dubawa shi ne layin da ke faɗaɗa, ko ƙarfen da ya karkata, musamman idan ciwo ya dawo yayin taka ƙafa. Saboda haka, ko a asibitin Komfo Anokye na Kumasi za a duba mutum ko a asibitin Korle Bu na Accra, ya tafi da tsofaffin hotunansa, domin hoto guda ba ya nuna motsi.