Kafin ka dasa injin injeksiyo a tsohuwar Hiace, ga abin da takardu ke cewa

Yanzu a Maraɗi duk garajin da ka leƙa sai ka tarar da tsohuwar Hiace an ɗaga kujerar gaba an zare inji, mai ita ya gaji da karbirato da shan isansi yana son a dasa mishi na injeksiyo. Ni ban ga laihin wannan ba, mota ta tsufa, kuɗɗin sabuwa babu, kuma injin 2Y ko 3Y da ya sha hanyar Dakoro da Mayahi shekara da shekaru dole wata rana ya ce ya gaji. Abin da ke damuna shi ne mutum zai kashe kuɗɗinshi duka wurin makanike ya manta motar nan tana da takardu, kuma takardun suna bayanin wata mota ce wadda yanzu babu ita.

Ɗauko kart giriz ɗinka ka duba da kyau. Ban da lambar mota da lambar shasi, akwai wurin da aka rubuta ƙarfin inji, wato dawaki nawa, akwai wurin da aka rubuta abin da take sha, isansi ko gazuwal, da yawan kujeru. Dawakin nan na takarda ba su ne ainihin ƙarfin da inji ke fitarwa ba, lissahi ne na haraji da ke tafiya da girman inji, kuma da shi ake yanke kuɗɗin binyet da na asiransi. To idan ka cire 2Y mai lita 1.8 ka sa 2TR-FE mai lita 2.7 irin na Hiace na baya-bayan nan, ai lissahin ya tashi, balle wanda ya cire 3L ko 5L na gazuwal ya sa na isansi, shi kam layi biyu ne suka zama ƙarya a takardarshi. Wanda ya musanya inji da irinshi sak, girma ɗaya mai ɗaya, wannan gyara ne kawai. Amma da zarar girma ko irin mai ya canza, sai ka je ofishin sufuri na jiha ka nemi a gyara kart giriz ta dace da motar, sannan ka kai ta bizit.

Inda abin ya fi zahi shi ne asiransi, kuma nan ne nake so masu motocin haya su tsaya su karanta a hankali. Nijar tana cikin ƙasashen CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, dokar asiransi guda ce muke bi da su Benin da Burkina da Mali da sauransu. Aya ta 200 ita ta tilasta kowace mota ta yi asiransi saboda ɓarnar da za ta iya yi wa wasu, wannan kowa ya sani tunda jandarma na tambaya a hanya. Wadda ba a sani ba ita ce aya ta 12: idan wani abu ya canza wanda ya ƙara haɗari, ya sa amsoshin da ka ba kamfani ranar da kuka ƙulla suka daina zama gaskiya, kana da kwana 15 daga ranar da ka sani ka sanar da su, kuma a rubuce, wasiƙa mai rajista ko wadda suka sa maka hannu sun karɓa. Faɗa wa yaron da ke sabunta maka takarda a baki, ko aika mishi murya ta WhatsApp, bai wadatar ba wallahi.

In ka yi shiru mi zai faru? Doka ta raba gida biyu. Idan aka tabbatar da gangan ka ɓoye don kar kuɗɗin ya ƙaru, aya ta 18 ta ce yarjejeniyar ta rushe, kuma abin da ka riga ka biya ya zama na kamfani. Idan kuwa rashin sani ne ba mugun nufi ba, aya ta 19 ce ke aiki, in an gano kafin hatsari su ƙara maka kuɗi ko su raba gari da kai, in bayan hatsari ne a rage diyya daidai da gibin. Misali kana biyan jika 60 alhali da injin da ke ciki jika 80 ya kamata ka biya, to kashi uku cikin huɗu ne nasu, sauran naka. Aya ta 210 ta kare waɗanda aka ji wa rauni da magadan wanda ya rasu, ba a rage musu wannan kason, kamfani zai biya su, amma yana da damar ya juyo kanka ya nemi abin da ya biya a madadinka. Ka tuna motar nan mutum sha takwas ko sha tara take ɗauka ranar kasuwa, Allah ya kiyaye, amma in tsautsayi ya gitta ba maganar mutum ɗaya ake ba, kuma ƙwararren da za a turo ya duba mota abu na farko da zai yi shi ne ɗaga kujera ya kalli inji.

Sai maganar inda injin ya hito. Yawanci daga Kano ake ɗauko su a biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu ta bakin teku. Inji kaya ne kamar kowane kaya, yana da hakkin duwan, saboda haka ka karɓi takardar duwan da rasit mai ɗauke da lambar da aka buga jikin injin, ka goge wurin da tsumma ka karanta da idonka ka gwada da abin da aka rubuta. Injin da aka goge wa lamba da giranda, komi arharshi ka bar shi, ba ka san daga motar wa aka zare shi ba.

Abu na ƙarshe na makanike ne amma shi ma bizit zai kalla, kuma rayuka ne. Karbirato da ɗan matsi kaɗan yake aiki, bai kai rabin bar ba (bar shi ne ma'aunin matsi), injeksiyo kuwa wajen bar 3 yake so, don haka tsohon tiyon mai da aka ɗaure da waya ba zai riƙe ba, in ya fashe feshi zai yi kan inji mai zahi kuma a Hiace injin yana ƙarƙashin mazaunin direba ne da fasinjan gaba. A sa tiyo da famfo da filta na injeksiyo, a haɗa famfon ta rile da fiyus yadda in inji ya mutu shi ma zai tsaya, kar a yarda a ja mishi wuta kai tsaye daga kontak. Ƙwaƙwalwar injin, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa injeksiyo, a ɗaure ta inda ruwa da zahi ba su kai ba. Masu shan man ruwa-ruwa na kwalba su riƙa canza filta da wuri, injekta ba ta haƙuri da datti kamar karbirato. Birki kuma tun na tsohon inji ne, in ka ƙara wa mota gudu sai ka sa a duba shi gaba da baya, da tayoyi, kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya a tasha.