Ƙarfin jifa ba ya jinkirta faɗuwa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa dutsen da aka jefa gaba da ƙarfi yakan daɗe a sama fiye da wanda aka saki kawai. Ba haka ba ne. Muddin an jefa shi a miƙe, ba a ɗaga shi sama ba, kuma daga tsayi ɗaya suka taso, tare za su dira, in an cire tasirin iska. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya bayyana wannan tun 1638: tafiyar gaba daban, faɗuwa daban, lokaci kaɗai ya haɗa su.

A ce an jefa dutse da saurin mita 15 a daƙiƙa. Cikin daƙiƙa 2 ya yi gaba mita 30. Ƙasa kuwa tana janyo shi, duk daƙiƙa tana ƙara masa saurin faɗuwa na mita 9.8 a daƙiƙa, don haka ya sauka ½ × 9.8 × 2², wato mita 19.6, daidai da wanda aka saki.

A nan ɗalibai ke sake tuntuɓe, sai su tara 30 da 19.6. Abin takaici ne, domin ba layi ɗaya suke ba: ɗaya gaba, ɗaya ƙasa. Da ƙa'idar Pythagoras, wadda ke ba da tsawon gefe mafi tsawo na alwatika mai kusurwar digiri 90, ake haɗa su: √(30² + 19.6²), kusan mita 35.8 tsakanin inda ya tashi da inda ya kai.