Ƙaurace wa Walmart da manyan kantuna a Amurka

Ƙaurace wa manyan kantuna mataki ne da masu sayayya, ƙungiyoyin ƙwadago da mazauna gari ke ɗauka na daina sayen kaya a wani katafaren kanti, ko hana shi buɗe reshe a yankinsu, domin tilasta masa gyara yadda yake tafiyar da ma'aikata ko rage ɓarnar da yake yi wa ƙananan 'yan kasuwa. Kamfanin da ya fi shan wannan mataki shi ne Walmart, wanda Sam Walton ya kafa a garin Rogers na jihar Arkansas a 1962. Yau yana da ma'aikata fiye da miliyan 2 a duniya, kuma babu kamfani mai zaman kansa da ya kai shi yawan ma'aikata.

Tushen ƙorafi

Irin waɗannan kantuna akan gina su a bakin gari inda fili ke da araha. Babban reshen Walmart yakan kai murabba'in mita 16,000, wato ya fi filin ƙwallo biyu, kuma a ƙarƙashin rufi ɗaya ake samun abinci, sutura, magani, kayan lantarki da tayar mota. Ƙarfinsa yana cikin sari: yana saye da yawan da zai iya gindaya wa masana'anta farashi, sannan ya sayar a kuɗin da mai ƙaramin shago ko a wurin sari bai samu ba. Kenneth Stone, masanin tattalin arziki a Jami'ar Jihar Iowa, ya bi diddigin garuruwan jihar tun daga ƙarshen shekarun 1980, ya gano cewa wasu ƙananan garuruwa kan rasa kusan rabin cinikinsu cikin shekara 10 da buɗe Walmart a kusa da su. Waɗanda suka fi jin jiki su ne garuruwan maƙwabta, domin garin da kantin yake a ciki ko ba komai yana samun haraji.

Ta fuskar ma'aikata kuwa, ƙorafin ya ta'allaƙa ne kan ƙarancin albashi, jadawalin aiki mai canzawa kowane mako, da kuma adawa da ƙungiyar ƙwadago. A shekarar 2000 mahautan wani reshe a Jacksonville ta jihar Texas suka kaɗa ƙuri'ar shiga UFCW, ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan abinci da kantuna. Ba a daɗe ba kamfanin ya sanar da rufe sashen yankan nama a rassa 180, ya koma sayar da naman da aka riga aka yanka aka naɗe, yana mai cewa shirin ya riga ƙuri'ar. A Jonquière ta lardin Quebec a Kanada ma'aikata sun kafa ƙungiya a 2004, aka rufe reshen a 2005, sai a 2014 Kotun Ƙolin Kanada ta ce rufewar ta saɓa wa dokar ƙwadagon lardin. Akwai kuma shari'ar Betty Dukes, wata ma'aikaciyar Walmart, da aka shigar a 2001 kan nuna wa mata bambanci a albashi da ƙarin girma. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta ce mata kusan miliyan 1.5 ba za su iya haɗuwa a ƙara guda ba.

Yadda ake gudanar da shi

Doka ce ke fara tsara yadda za a yi. A Amurka masu sayayya na da 'yancin kiran jama'a su ƙaurace wa kanti cikin lumana, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1982 a shari'ar ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP da kamfanin Claiborne Hardware. Amma dokar Taft-Hartley ta 1947 ta hana ƙungiyar ƙwadago matsa wa wani kamfani na daban lamba don ya yanke hulɗa da wanda take rigima da shi. Shi ya sa ƙungiyoyin suka fi kafa gangami na gefe. A 2005 UFCW ta kafa Wake Up Wal-Mart, ƙungiyar ƙwadago ta SEIU kuma ta tsaya wa Wal-Mart Watch. A 2011 aka kafa OUR Walmart, wadda ma'aikatan kantin ne mambobinta, kuma ita ce ta shirya yajin aiki da zanga-zanga a ranar Black Friday ta 2012, ranar rangwamen da kantuna ke cika maƙil.

Ba kasafai waɗannan ƙungiyoyi ke cewa a daina sayayya baki ɗaya ba, domin idan ciniki ya faɗi, awannin ma'aikaci ake fara ragewa. Sun fi zaɓar rana ɗaya ko reshe ɗaya, da buƙata guda da za a iya aunawa, kamar dala 15 a awa.

Hanyar da ta fi cin nasara ita ce tare kantin tun kafin a aza tubali. Sau da yawa gina irin wannan gini na buƙatar majalisar gari ta sauya wa fili matsayi daga na noma ko masana'antu zuwa na kasuwanci, kuma a nan mazauna ke da bakin magana. Mutanen Greenfield ta jihar Massachusetts sun yi watsi da buƙatar Walmart a ƙuri'ar 1993. A Inglewood ta California, kamfanin ya kashe fiye da dala miliyan 1 a 2004 don ya tsallake majalisa ya kai batun gaban masu zaɓe, suka kayar da shi da kusan kashi 60 cikin 100. Dokokin tilasta ƙarin albashi ba su yi irin wannan sa'a ba: majalisar Chicago ta amince da dala 10 a awa ga manyan kantuna a 2006, magajin gari Richard Daley ya hau kujerar naƙi, haka ma magajin garin Washington, Vincent Gray, ya yi a 2013 bayan Walmart ya yi barazanar fasa gina rassa.

Masu hannun jari ma sun shiga. Asusun fansho na gwamnatin Norway ya sayar da hannun jarinsa a Walmart a 2006 saboda take haƙƙin ma'aikata, bai janye haramcin ba sai 2019.

Abin da ke rage masa ƙarfi

Babbar matsalar ita ce waɗanda kantin ya fi cutarwa su ne suka fi dogara da shi. Walmart na cewa kashi 90 cikin 100 na Amurkawa suna zaune cikin mil 10 daga wani reshensa, kuma a ƙauyen da shagunan gida suka riga suka mutu, babu inda mai ƙaramin ƙarfi zai koma. Ƙauracewar rana ɗaya kuma sau da yawa ɗage sayayya ce kawai: abin da ba a saya Juma'a ba, sai a saya Asabar. Ga kuma wanda ya bar Walmart ya koma Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, mai irin nasa rikicin da ma'aikata. Saboda haka da wuya a ga tasirin a alƙaluman ciniki. Inda ake ganinsa shi ne a sunan kamfani. A 2015 Walmart ya ɗaga mafi ƙarancin albashinsa zuwa dala 9 a awa, sannan 10 a 2016. Masu fafutuka sun ce matsinsu ne, masana da dama kuma sun danganta shi da wahalar samun ma'aikata a lokacin.

A Afirka

Da Walmart ya sayi kashi 51 cikin 100 na Massmart, kamfanin manyan kantuna na Afirka ta Kudu, a 2011, ƙungiyar ma'aikatan kantuna ta Afirka ta Kudu, SACCAWU, ta yi adawa, har ta yi barazanar ƙauracewa. Hukuma ta amince da cinikin bisa sharaɗin ba za a rage ma'aikata ba na tsawon shekara biyu, kuma za a kafa asusun tallafa wa masu samar da kaya na cikin gida. Ta hannun Massmart ne Walmart ya mallaki kantunan Game, ciki har da reshen da ya yi zama a Ado Bayero Mall a Kano kafin kamfanin ya janye daga Najeriya.