Ka sayi sabon babur? Ga abin da samarin garinmu ke tambaya ta

Duk shekara in kaka ta yi aka kai riɗi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba a rufa sati biyu sai ka ga sababbin Boxer a garin nan, ko ledar kujera ba a cire ba. Na daɗe ina acaɓa tsakanin ƙauyenmu da Gumel, shi ya sa ƙannena in sun sayo sai su tare ni a majalisa da tambayoyi.

Yaya, na iya keke, kwana nawa zan yi in iya babur?

In tafiya ce yini ɗaya ma ya isa, ka saki kuloci a hankali ka murɗa totur, shi ke nan. Tsayawa ce aiki. Je ka filin ƙwallon firamare bayan an tashi, ka ajiye bulo, ka taho a giya ta biyu ka tsaya daidai bulon, ka yi ta yi har hannunka da ƙafarka su daina shawara da kai. Sai ka zana lamba 8 a ƙasa ka riƙa bi ba ka sauke ƙafa ba. Kafin nan kar ka hau kwalta, kar ka goya kowa ko da ɗan aike ne.

An ce min kar in taɓa birkin gaba, wai kayarwa yake?

Wannan maganar ta karya mutane da yawa wallahi. In ka kama birki nauyinka da na mashin gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya kuwa ta yi sakayau, to in ita kaɗai ka taka sai ta ƙulle ta riƙa jan ƙasa kai kuma kana ta tafiya har ka je ka sami abin da kake gudu. A kan busasshiyar kwalta yawancin tsayawar daga birkin gaba take. Duka biyun ake haɗawa, na gaban kuma matsa shi ake a hankali kamar mai tatsar nono, ba damƙa ba.

Amma masu maganar ba ƙarya zalla suka yi ba. A cikin yashi, ko burji mai tsakuwa, ko kana tsakiyar kwana, in ka damƙi na gaba ƙasa za ka sha. Ni ya taɓa ci na, na ɗauko buhun gero ina sauri kar magariba ta same ni, akuya ta ɓullo daidai wata kwana da iska ta tara wa yashi, na damƙe, ban san sanda na kwanta ba, salansa ta kwanta min a ƙwauri. Tabon na nan, kamar an manna min faifai. Tun ranar nake rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

To shi yashin ya ake shiga?

Sauko giya tun kafin ka shiga, ka riƙe totur daidai wa daida kar ka saki gaba ɗaya, kar ka ƙanƙame kan babur, bar shi ya ɗan yi rawarsa. Idonka can inda za ka fita, don inda ka kalla nan mashin yake zuwa. Da damina kuma ruwan farko ya fi sa kwalta santsi, kuma ruwan da ya shafe hanya, mutanen Auyo da Haɗejia sun san shi, sauka ake a auna da sanda.

Hular kwano fa? Zafi gare ta, kuma dariya ake wa mutum.

Ai mun yi dariyar mu ma. Da aka fara tilasta ta a farkon 2009 har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su wuce 'yan Road Safety. Amma ka tuna, ƙafa in ta karye akwai mai ɗori, hannu ma haka, kai fa wa ka taɓa ji an ɗora? Ka sayi ta babur ta gaske, ba ta masu gini ba, daidai kanka, ka ɗaure igiyar a haɓa, in ba ka ɗaure ba ita za ta riga ka isa ƙasa. Silifas ma a bar wa masallaci, a sa takalmi sau ciki.

Babur ma sai da lasisi?

E, aji A ne nasa, kuma sai ka kai shekara 18. Mu nan yaro ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba an ba shi makulli ya je niƙa. Baba, don Allah a daina.

In zan kai Inna ko amarya unguwa?

Kafin ka tayar ka waiwaya ka ce ta tattare hijabi da bakin zani ta danne a cinya, don in sarƙa ko wayar taya ta kama mayafi wuya yake shaƙewa kafin ka ankara. Kai ma babbar rigarka ta Juma'a haka. Nuna mata inda salansa take, musamman in da yaro. Kuma da goyo birki ba ya kamawa da wuri kamar kana kai kaɗai, sai ka ƙara tazara.

Tafiyar dare da manyan motoci?

Amalanken shanu ba shi da fitila ko ɗaya, masu dawowa daga gona ma haka, don haka kar gudunka ya wuce inda fitilarka ke haskawa. Haske ɗaya da ka hango yana tahowa ba lallai babur ba ne, sau da yawa mota ce mai ido ɗaya, ka matsa gefe. Tirela kuwa in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba to bai san da kai ba, kar ka kutsa ta gefensa yana shirin shan kwana. Ranar kasuwar Wudil, Juma'a, in ba dole ba sabon hannu ya haƙura da wannan titin. Lambar 'yan Road Safety ta gaggawa 122 ce, sa ta a wayarka yanzu, in kuma kun tarar da wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya kar ku cicciɓe shi ku ɗora a wani babur ɗin.