Rediyo iri ɗaya ba ya nufin za a ji juna

An daɗe ana ɗauka cewa in rundunoni biyu na ƙawance suka sayi rediyon soja na kamfani ɗaya, sai kawai a danna a yi magana cikin sirri. Ba haka abin yake ba.

Rediyon SINCGARS na Amurka, alal misali, yana aiki tsakanin megahertz (ma’aunin zangon rediyo) 30 da 88, yana sauya zango fiye da sau 100 a daƙiƙa. Kafin wani ya shiga layin, dole abu huɗu su yi daidai: jerin zangunan, makullin da ke tsara sauyin, lambar layi, da agogo. In agogo ya kauce da ’yan daƙiƙu kaɗan, rediyon yana nan lafiya lau amma shiru kake ji, kuma a nan ake yawan zargin batir ko eriya a banza.

Sauyin zangon ma kariya ce daga toshe layi. Rufe muryar kanta aikin wani makulli ne daban, wanda ake lodawa da ƙaramar na’ura a kuma canza shi bisa jadawali. Ƙasashe ba sa ba wa juna makullinsu na gida. Shi ya sa a rundunar haɗin gwiwa irin ta Tafkin Chadi sai an ware makulli guda na musamman da kowa zai yi amfani da shi, an kuma tsayar da lokacin canza shi. In bataliya ɗaya ta makara, ta fita daga layi, sojojinta su koma buɗaɗɗen layi ko wayar salula, inda abokin gaba ke saurare.