Waiwaye: An sha sayo motocin bas, an bar gareji a baya

Duk lokacin da tsadar sufuri ta kai wa talaka iya wuya a Najeriya, gwamnati kan garzaya ta sayo motocin bas. Haka aka yi a 1988, da gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a a birane, bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira har sabuwar mota ta gagari masu haya. A Janairun 2012, ana tsaka da zanga-zangar cire tallafin mai, Shugaba Jonathan ya yi alkawarin bas 1,600. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin a Mayun 2023, sai aka koma maganar bas masu amfani da iskar gas.

A duk zagayen nan, gareji ne ba a cika tunawa da shi ba, alhali a can ake yanke wa mota tsawon kwananta. Motar da ke wuni a kan titi tana da lokutanta: juyen baƙin mai, canjin filta, duba birki da taya. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta toshe filta, inji ya kasa shaƙar isasshiyar iska. Inda akwai ramin duba ƙasan mota, da sito mai kayan gyara, da littafin tarihin kowace mota, ana kama ciwo tun yana ƙarami.

Abin da ya fi faruwa akasin haka ne. An sayo motoci daga kamfanoni daban-daban, kayan wannan ba sa shiga waccan, kuma kusan dukkan kayan da dala ake shigo da su. Kuɗin tikiti ya wuce baitulmali, takardar neman kuɗin gyara tana yawo ofis-ofis. Kafin ta fito, sai shugaban makanikai ya ce a kwance famfon mai daga wadda ta kwanta a ɗaura wa mai tafiya. Gobe a ɗauki batir, jibi taya. Na taɓa leƙa harabar wani kamfanin sufurin jiha, na tarar da bas jere a kan duwatsu, fentinsu bai ko dushe ba, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Abin ya ba ni takaici, domin wasunsu ƙaramin gyara ne ya fara kwantar da su.

Motocin gas kuwa sun zo da ƙarin buƙata, sai da makanikin da ya san gwajin tukunyar gas da bututunta. Yawancin makanikanmu a kan injin dizal da fetur suka koyi sana'a.