Kumburin Muƙamuƙin da Ba Hangum Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sankarar Burkitt

Wace irin cuta ce wannan?

Nau'in ciwon daji ne da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, waɗanda mazauninsu kaluluwa ce da saifa da ɓargo. Ta ci sunan Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, wanda ya yi bayaninta a shekarar 1958 bayan ya yi ta ganin yara masu kumburin muƙamuƙi a Kampala ta Yuganda. Ta fi kama 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma yawan maza ya kusa ninka na mata.

Yaya iyaye za su bambanta ta da hangum ko ciwon haƙori?

Hangum yakan zo da zazzaɓi da zogi a gindin kunne, ya bi yaran gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sace da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wannan kuwa ba ta sacewa. Kumburin yana da tauri, sau da yawa babu zafi a farkonsa, kuma ƙwayoyinsa na iya ninka kansu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ta yadda uwar da ta ga abu kamar goro ranar kasuwa za ta tarar fuska ta karkace kafin wata kasuwar ta zagayo. Haƙora kan yi girgiɗi ba lokacin famfara ba, har da turame, dasashi ya taso, wani lokaci ido ya turo waje. A wasu yaran ciki ne ke kumbura alhali jiki na ramewa, sai a ce saifa ce. Idan ƙafafu suka mutu ko fitsari ya ƙi riƙuwa, cutar ta danne laka, kuma wannan ba abin kwana ba ne.

Me ke kawo ta, kuma ana ɗaukarta?

Ba a ɗaukarta, don haka ware wa yaro kwano zalunci ne kawai. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cuta a cikin tsokar wannan kumburi, wadda ake kira Epstein-Barr. Kusan kowa yana ɗauke da ita tun yarinta ba tare da wata illa ba. Matsalar tana zuwa ne idan zazzaɓin cizon sauro ya yi ta nanata kama yaro, garkuwar jiki ta gaza danne ƙwayar, har a sami kuskure a tsarin halittar fararen ƙwayoyin jinin, su shiga hayayyafa babu tsayawa. Shi ya sa gidan sauro da maganin rigakafin da ake rabawa da damina suke da muhimmanci a fadamun Haɗeja da gonakin shinkafa na Kura da Kadawa, ko da yake ba su ne tabbacin kariya ba.

Gaskiya ne daji ba ya son allura?

Wannan magana ta cinye yara da yawa. Abin da kumburin ba ya so shi ne sakiya da tsagar wanzami da cire haƙori a shagon magani, domin ba ƙurji ba ne, babu mugunya a ciki, sai dai a buɗe wa wasu cututtuka ƙofa kuma a ɓata makonni. A asibiti ana ɗiban ɗan yankin tsoka a duba, sannan a fara magungunan ƙarin ruwa irin su cyclophosphamide da vincristine da methotrexate, har da allurar gadon baya don kare laka da ƙwaƙwalwa. Saurin girman cutar shi ne kuma rauninta, domin magungunan sun fi kama ƙwayoyin da ke rabuwa da sauri. A ƙasashe masu wadata kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa.

To me ya sa a wurinmu ake rasa yara?

Makara ce ta farko, ta biyu kuma yanke magani. Kumburi kan faɗa cikin kwanaki kaɗan da allurar farko, gashi ya zube, kuɗin mota da na magani su ci tumaki, ga noma na jira, sai uba ya ce yaro ya samu sauƙi a koma gida. Ƙwayoyin da suka saura sukan dawo, kuma a karo na biyu ba sa jin magani kamar da. Duk wanda ya ga irin wannan kumburi ya nemi takardar turawa daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya kuma tambayi likita tun ranar farko adadin zagayen maganin da kuɗinsa, domin dangi su san abin da za su haɗa. Yaron da ke kan magani idan ya yi zazzaɓi, a ranar ake mayar da shi.